Ƙasar da ba ta da tana

Da na kira Baba daga Talin, babban birnin Istoniya, na shaida masa cewa washegari za a kai mu ganin wata fadama mai baƙar ƙasa wadda zurfinta ya fi tsayin ɗakinsa, tambaya ɗaya ya yi mini: "Akwai tana a cikinta?" Ma'auninsa ke nan tun ina yaro. In aka roƙe shi ya je duba gonar da wani zai saya a fadamar garinmu, ba ya tsayawa sauraron dillali. Fartanya yake kaftawa, ya ɗebo ƙasa a tafin hannu, ya murza, ya shinshina. In ta yi baƙi, ta yi laushi, ga kashin tana tsibi-tsibi a kanta, sai ya ce a biya kuɗi. Na ce masa, "Baba, ƙasa baƙa wuluk, ga ruwa rani da damina, ai tana sai an ture." Ya ce, "To, ka dai duba da idonka, ka faɗa mini."

Karatun kimiyyar ƙasar noma ne ya kai ni can, wani kwas na mako biyu a ƙarshen watan Yuni. Mu goma sha biyu ne daga ƙasashe dabam-dabam, malamarmu kuwa wata dattijuwa 'yar ƙasar, wadda ta ƙarar da ƙuruciyarta a kan halittun da ke rayuwa ƙarƙashin tafin ƙafa. Ba ta da yawan magana. In ka yi mata tambaya, sau da yawa shebur take miƙo maka.

Lokacin da muka je dare ba ya yi sosai. Rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe goma da rabi, ta sake ɓullowa wajen ƙarfe huɗu, tsakaninsu kuma jan sararin nan na bayan magariba ba ya gushewa. Sai da na koma ƙiyasta lokacin isha da agogo. Da sassafe muka kama hanyar Narba, muka yi gabas, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, muka shiga gandun Lahemaa. An kafa shi a 1971, shi ne gandun ƙasa na farko a duk faɗin tsohuwar Tarayyar Sobiyet. Malama tana riƙe da takardar izinin ɗibar ƙasa, domin a nan ba a haƙa ko da ramin gyaɗa ba tare da izini ba.

Ba fadamar ta fara kai mu ba. Ta ce wanda bai san daji ba, ba zai gane abin da fadamar ta rasa ba. Muka fara sauka a gindin wata doguwar gaɓar dutsen farar ƙasa da ta bi arewacin Istoniya, wadda ta taso tun daga tsibirin Oland na Suwidin har tafkin Ladoga a Rasha, tsawon kusan kilomita 1,200. A gindinta akwai kurmi mai itatuwa masu faffaɗan ganye, inuwa lumshi, ƙasa da danshi. Na kafa shebur na ɗago, sai ga ƙasar Baba sak. Baƙa-baƙa, tana warwatsewa gudaji-gudaji kamar dambu, ga tana manya da ƙanana suna ta murɗe-murɗe. Ga ƙadandoniya, sai dai 'yan ƙanana ne, ba irin namu masu kaurin yatsa ba. Ga dodon koɗi a ƙarƙashin kowane ruɓaɓɓen itace, ga wasu ƙwari masu ɓawo saɓi-saɓi da Malama ta ce dangin ƙaguwa ne da suka baro ruwa suka zauna tudu.

Ta ce mu nemo ganyen da ya zuba bara. Muka duba, ɗan kaɗan ne ya rage. Babbar tanar wurin rami take haƙawa a tsaye, ya zarce mita ɗaya, da dare ta leƙo ta ja ganye zuwa ciki. Kafin shekara ta zagayo an cakuɗa ganye da ƙasa, ba ka iya cewa ga inda wannan ya tsaya wancan ya fara. Sirrin wurin shi ne dutsen. Farar ƙasa tana ba da sinadarin kalsiyam, tana kashe tsami. Da shi dodon koɗi yake gina gidansa, da shi ƙadandoniya take ƙarfafa jikinta, tana ma ba ta jin daɗi in babu shi.

Daga nan muka koma kusa da fadamar, wani dajin fayin a kan tsohon tudun yashi. Itatuwa dogaye, jajayen jiki, ganyensu kamar allura. Nan shebur ya nuna wani abu dabam. Maimakon cakuɗa, sai ƙasa ta fito hawa-hawa kamar shafukan littafi: a sama allurar bana, ƙasanta ta bara da ta fara baƙi, ƙasanta wani abu kamar tabarmar da ta sha ruwa, duk fararen zaren naman gwari sun saƙe shi, sannan yashi fari fat. Babu wanda ya gauraya su domin babu manyan tana. Da ƙyar muka samu 'yan jajaye sirara guda biyu-uku, irin masu jure tsami, su ma a cikin ganyen suke, ba sa nutsawa. Abin da ya cika ido shi ne tururuwa. Jajaye ne, sun tara allurar fayin sun yi tsibi ya kai ƙuguna, hanyoyinsu sun ratsa daji ta ko'ina. Na tsaya a gabansa na daɗe, domin tun da na bar gida ban ga abin da ya tuna mini da shuri ba sai shi.

Na ce, "Malama, nan kam ƙasar ta mutu." Ta ce in yanko wani yanki kamar faɗin tafin hannu in sa a leda, za mu yi maganar bayan kwana biyar. A ƙasar daji irin wannan, in ji ta, murabba'in mita ɗaya yana iya ɗaukar ƙananan dangin kaska dubu ɗari ko ninkin haka. Na dubi abin da ke hannuna, ban ga ko ɗaya yana motsi ba.

Sai muka gangara. Kafin a shiga fadamar akwai wani siririn wuri mai caɓi da ya kewaye ta kamar ɗamara, inda ruwan da ke tsiyayowa daga fadamar yake haɗuwa da na tudu. Nan ciyayi suka yi tsayi, nan kwaɗi suke, nan kuma sauro ya tare mu, baƙi ƙirin. Akwai wani ɗan kurmin tsiro mai fararen furanni da ƙamshi mai hawa kai, wanda mutanen wurin suka ce in ka daɗe a cikinsa da zafin rana sai kanka ya yi ciwo. Malama ta ce a wannan ɗamarar ake samun 'yan daji da 'yan fadama a wuri ɗaya, shi ya sa mai ƙirga iri yakan cika littafinsa a nan. Ba mu daɗe ba, sauro bai bari ba.

Muna hawa katakon da aka shimfiɗa, daji ya buɗe.

Mutanen Istoniya suna da suna ga kowace irin fadama. Wadda ruwan ƙarƙashin ƙasa ke ciyar da ita sunanta dabam, wadda ke tsaka-tsaki sunanta dabam, wadda kuma ba ta shan komai sai ruwan sama suna ce mata "raba". Wannan ita ce Viru raba. Da na ji sunan na tuna da raɓa tamu, kuma da safiyar nan sunan ya dace, domin duk saƙar gizo-gizon da ke kan ciyayi ta ɗauki raɓa tana ƙyalli, dubbai, har iyakar gani. Hanyar katakon kilomita uku da rabi ce, da hasumiya a tsakiya. Ƙasa ja da kore da ruwan ƙasa kamar darduma. Kududdufai baƙaƙe birjik, sama tana kwance a cikinsu. Itatuwan fayin da muka baro dogaye, a nan ba su wuce kafaɗata ba, karkatattu, kuma aka ce mini waɗansunsu sun girmi Baba. Sauro ya koma baya, sai mazari ke shawagi. Wurin ya yi tsit, irin shirun da ban taɓa ji a fadama ba. Tamu ta gida ba ta rabuwa da kukan kwaɗi da tsuntsaye da muryar masu ban ruwa.

Na durƙusa a gefen katako na tura hannu. Ashe ba ƙasa ba ce. Gansakuka ce, wata iri da ake kira sifagnum, mai kai kamar ƙaramin tauraro. Na damƙo na matse, ruwa ya zubo kamar daga soso. Tana iya riƙe ruwan da ya ninka nauyinta a bushe har sau ashirin, domin yawancin jikinta ɗakuna ne fanko da aka tanada don ruwa kawai. Kanta yana tsiro a sama, gindinta yana mutuwa a ƙasa, amma ba ya ruɓewa. Shekara bisa shekara matacce yana taruwa a kan matacce, yana dannuwa, ya zama abin da ake kira ƙasar fit. Kimanin milimita ɗaya take ƙaruwa a shekara. Da haka fadamar take tashi har tsakiyarta ta fi gefenta tudu, kamar an kife faranti, ta rabu da ruwan ƙasa, ta koma dogaro da abin da ya sauko daga sama.

Malama ta kafa wani dogon bututun ƙarfe, mu uku muka danna, ta murɗa ta zaro. Daga zurfin mita ɗaya da rabi ta gutsuro wani abu mai launin dabino ta sa mini a hannu. Ana ganin zaren ganye a cikinsa ƙarara. A lissafin milimita ɗaya a shekara, wannan ganyen ya ga rana ne wajen zamanin Hijira. Na riƙe shi jikina ya yi sanyi. A gonarmu, karan dawa da aka bari a ƙasa ba ya ganin damina biyu.

Na tona a wuri biyar ina neman amsar Baba. Babu tana ko ɗaya. Babu ƙadandoniya, babu dodon koɗi.

Dalilan a bayyane suke da zarar an faɗa maka. Ruwan wurin tsami gare shi, tsakanin 3 da 4 a ma'aunin tsami na pH, kusa da na ruwan lemon zaƙi. Ita gansakukar ce da kanta take tsamar da shi: tana zuƙe ɗan abin da ruwan sama ya kawo na kalsiyam da makamantansa, ta saki tsami a madadinsa. Sannan iska ba ta shiga sai ɗan saman da ke bisa ruwa. In ka wuce nan babu numfashi, mita bayan mita. Ga yunwa. Abincin tsiro ya yi ƙarancin da wani ɗan jan tsiro mai gashi da ɗigon danƙo a ganyensa ya koma kama ƙuda yana narkarwa don ya samu abin da saiwarsa ba ta samu ba. Na ga guda ya naɗe wani ɗan ƙwaro. Baƙin da Baba yake ɗauka shaidar ƙoshi, a nan shaidar abinci ne da aka tara aka kasa ci.

Duk da haka wurin ba kango ba ne. Kwana uku kafin zuwanmu an binne 'yan kofuna, bakinsu daidai da fuskar gansakuka, don duk mai yawo ya faɗa. Da muka ɗago su, gizo-gizo ne suka fi yawa, irin masu farauta da ƙafa ba da saƙa ba, wata ma tana ɗauke da jakar ƙwanta a baya. Sai Malama ta tsamo wani ɗan buzuzu da bai kai ƙwayar wake ba, yana walƙiya kamar sabon jan ƙarfe. A karo na farko na ga fuskarta ta saki. Ta ce sunansa Agonum ericeti, kuma ba za ka same shi a dajin da muka baro ba ko da za ka shekara kana nema. Yawancinsu fukafukansu ba su isa tashi ba. Fadamar ce duniyarsa, dajin da ke kewaye kuwa teku ne a gare shi. Kusan shekara ɗari da suka wuce wani masani Bajamushe, Fritz Peus, ya kasa halittun irin wannan wuri: akwai waɗanda ba sa rayuwa sai a nan, akwai masu son nan amma suna iya zama wani wuri, akwai baƙi 'yan wucewa. Na farkon ba su da yawa. Da dama daga cikinsu 'yan arewa mai nisa ne, da suka zauna tun bayan janyewar ƙanƙarar da ta rufe ƙasar fiye da shekara dubu goma da suka wuce. Duniya ta yi ɗumi ta bar su, fadamar ta riƙe musu sanyinsu.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda wurin da ido ke gani shimfiɗe ɗaya ya kasu unguwa-unguwa. Akwai 'yan tuddai na gansakuka mai ruwan ƙasa, tsayinsu bai wuce gwiwa ba, akwai kwaruruka kore shar masu ruwa tsamo-tsamo. Na sa tafin hannu a kan tudu da hantsi, ya yi ɗumi kamar bayan akuya. Na sa ɗayan hannun a kwari, taku ɗaya tsakani, sanyi ya ratsa ni. Mazauna tudun dabam, mazauna kwarin dabam. Ga halittar da ba ta kai rabin milimita ba, wannan takun ɗaya tafiya ce daga Agadas zuwa Fatakwal.

Kafin mu tashi azahar ta yi. Na yi alwala a wani kududdufi da aka yi wa matakala don masu wanka. Ruwan ja kamar shayin da ba madara, amma garau, ba wari, yana da laushi a fata. Na yi salla a kan katako, abokan tafiya suka jira ni nesa kaɗan.

Sauran aikin a ɗakin gwaji aka yi shi, kuma a nan ne tafiyar ta zama abin da ba zan manta ba. Na'urar ba wata abar a zo a gani ba ce: mazurari, rariya a bakinsa, ƙwan lantarki a sama, kwalba da sinadari a ƙasa. Ka ɗora ƙasa a kan rariya, zafi ya riƙa busar da ita daga sama, duk mai rai ya yi ta gudu ƙasa har ya faɗa kwalba. Wani Ba'italiye, Antonio Berlese, ya ƙirƙiro ta a 1905, wani ɗan Suwidin, Albert Tullgren, ya ƙara mata ƙwan lantarki a 1918, kuma har yau ba ta canza sosai ba. Masu laushin jiki da bushewa ke kashewa, su kuma a cikin ruwa ake tsamo su da wani mazurarin.

Ranar da na kafa ido a madubin ƙara girma na duba kwalbar dajin fayin, dajin da na ce ya mutu, sai da na ce subhanallahi a fili. Faranti ya cika. Ga 'yan tsalle, masu ƙafa shida da wata 'yar wutsiya mai baki biyu naɗe a ƙarƙashin ciki, wadda suke saki kamar tarko ta cilla su sama. Wasu shuɗi, wasu fari fat marasa ido, 'yan can ƙasa inda haske ba ya zuwa. Ga 'yan sulke, dangin kaska ne amma ba sa shan jinin kowa, ganye da naman gwari suke ci. Wani ƙwallo ne sumul mai sheƙi kamar an shafa masa man gyaɗa. Wani yana da kunnuwa a gefe kamar garkuwa yana rufe ƙafafunsa da su. Wani in ya tsorata sai ya naɗe ya rufe kansa ƙyam kamar akwati. Wani yana ɗauke da tsofaffin fatunsa a gadon baya, ɗaya bisa ɗaya, kamar mai tallan faifai. An san irinsu fiye da dubu goma a duniya. Ba sa gaggawa, da yawansu sai sun shekara ko fiye kafin su balaga. Akwai kuma wata 'yar kunama marar wutsiya, ba ta kai ƙwayar gero ba, ita ce zakin wurin.

Kwalbar fadama ba ta kai wannan cika ba, fuskokin kuma suna ta maimaituwa. Amma na kwaruruka masu ruwa ba su yi kama da kowa a daji ba: 'yan sulke ne da ke zaune cikin ruwa tsundum, suna tafiya a kan ganyen gansakuka. Malama ta ce da yawa daga cikin 'yan sulken fadama duk mata ne, suna haihuwa ba tare da namiji ba. Sai ta turo mini farantin mazurarin ruwa. Wasu fararen zare ne sirara, tsawonsu kamar santimita ɗaya, suna lanƙwasa a hankali. Ta ce, "Ga tanar da mahaifinka yake tambaya." Dangin tana ne na haƙiƙa, jikinsu gaɓa-gaɓa, sai dai ƙanana ne kuma tsami bai dame su ba. A ƙasa mai tsami ta arewacin Turai su ne suka gaji aikin tana, ana samun dubbai masu yawa a murabba'in mita. Wadda ta fi yawa a cikinsu ba ta cika damuwa da ƙwai ba. Tsinkewa take yi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ta fitar da kai da wutsiya ta ci gaba da rayuwa.

Da muka jera sunaye a allo, layin kurmin gindin dutse ya fi kowanne tsawo in ana maganar manya, na dajin fayin ya yi tsawo da ƙanana, na tsakiyar fadama ya zo gajere. Na faɗi abin da ke raina, wanda na san shi ne zai zo ran duk ɗan manomi. Na ce in yawan iri ake nema, ai gara a janye ruwan fadamar ta zama daji. Malama ba ta yi gardama ba. Ta ɗauki alli ta soke duk sunan da ya fito a layi fiye da ɗaya. Layin dazuzzukan biyu ya ragu sosai, domin da yawan mazaunansu ana samunsu ko'ina a Turai. Na fadama ya ragu shi ma, amma 'yan sunayen da suka tsaya ba su da wani gida a faɗin ƙasar sai irin wannan. Ta ce in ka janye ruwa, lissafin wurin yana iya hawa, domin 'yan daji za su kwararo. Lissafin ƙasar baki ɗaya kuwa sauka zai yi, domin waɗanda suka shigo dama akwai su, waɗanda suka fita kuma ba su da inda za su.

Na yarda da ita, kuma ba don ita ce malama ba. Washegari ta kai mu wani gefen fadamar da aka yashe a zamanin Sobiyet, aka haƙa magudanai, aka kankare fit ɗin. Shekaru da yawa bayan an daina, wurin yana nan da tabonsa. An toshe magudanan don ruwa ya dawo, gansakuka ta fara kamawa nan da can, amma akwai filaye baƙaƙe tsirara da ƙura ke tashi a kansu in rana ta yi. Fit da ya bushe iska ta shige shi ruɓewa yake yi, abin da ya ɓoye shekaru dubbai ya tashi sama ya zama iskar da ke ɗumama duniya. Irin waɗannan fadamu kashi 3 cikin 100 ne kacal na doron ƙasa, amma kabon da ke cikinsu, wato sinadarin da ke zama wannan iskar, ya fi na itatuwan dukkan dazuzzukan duniya. Rashin tanar nan da ya ba ni takaici a ranar farko, yana cikin abin da ya sa ajiyar ta zauna. Da masu ci sun samu shiga, da tuni an cinye.

A hanyar komawa ta ba mu labarin abin da suke kira yaƙin fadamu. Wajen 1970, lokacin da hukuma ke ganin duk fadama asarar fili ce, masanin tsirrai Viktor Masing na Jami'ar Tartu da abokansa suka yi ta rubutu a mujallu suna kare su, a zamanin da saɓa wa tsarin gwamnati ba abu ne mai sauƙi ba. A 1981 aka keɓe fadamu wajen talatin aka hana taɓa su. Har yanzu Istoniya tana cikin manyan masu fitar da fit zuwa waje don renon shuka, saboda haka maganar ba ta ƙare ba. Ta faɗi wannan ba tare da ɗaga murya ba, tana kallon taga.

A motar nan ne na tuna da gara. Mu ma a tudu, inda rani ke wata bakwai ko takwas, tana ba ta da ƙarfi sai a fadama da gindin inuwa. Gara ce ke ja mana kara da kashin shanu zuwa cikin ƙasa. Manoman Tawa a Nijar sun san wannan sarai: suna haƙa ramukan tassa a ƙasar da ta ƙeƙashe, su zuba taki, gara ta zo ci ta huda ƙasar da hanyoyinta, ruwan farko ya samu wurin shiga. Na gaya wa Malama, ta juyo gaba ɗaya ta yi ta tambayata, zurfin ramin nawa, wane wata ake haƙawa, gara ba ta cin shukar? Ita da ta san 'yan sulke ɗaruruwa da suna, ba ta taɓa ganin shuri da idonta ba. Na yi karatun ƙasa shekaru, na san sunan buzuzun fadamar Istoniya, amma ban san ko 'yan sulke iri nawa ne a gonar da ta ciyar da ni ba. Wannan ya tsaya mini a rai har na dawo.

Na kira Baba daren da za mu taso. Na ce, "Baba, na duba. Babu tana irin tamu ko ɗaya." Ya yi shiru, sannan ya ce, "To me ake nomawa a wurin?" Na ce ba a noma komai, barinta ake yi. Ya ce, "Ikon Allah. Ƙasa baƙa a bar ta haka nan?" Na ce labarin da tsawo, sai na zo.

Na iso gida a tsakiyar Agusta, ruwa ya zauna. Na yanke gorar ruwa ta roba na kifa bakinta ƙasa, na sa guntun gidan sauro a matsayin rariya, na ɗebo ƙasa da ruɓaɓɓen ganye daga gefen fadamarmu. Ƙwan fitilar sola ba ya zafi, don haka a rana na riƙa ajiye ta, in hadari ya taso in shigar. Bayan kwana huɗu na juye kwalbar a farin faranti na miƙa wa Baba ɗan madubin hannu da na sayo a Talin. Ya gyara zama a kan buzunsa, ya kanne ido ɗaya, ya daɗe sunkuye. Akwai 'yan tsalle, akwai 'yan sulke biyu masu sheƙi, akwai wasu da ni ma ban san su ba.

Ya ɗago ya ce, "Duk waɗannan a gonata suke?"

Na ce, "A cikin abin da bai fi tafin hannunka ba, Baba."

Ya sake sunkuyawa. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, gobe in ɗebo ta gindin gawo, in kuma ɗebo ta tudun da gero ya ƙi yi bara, a sa su a gora dabam-dabam.